Kaskon da Yaya Ta Fitar da Hannunta

A da, in baƙo ya shigo layinmu a Tudun Wada yana neman gidana, ba a wahalar yi masa kwatance. Sai a ce ya miƙe har inda zai ji ƙamshi, to nan ne. Mai ɗakina, Hajiya, 'yar gidan masu turaren wuta ce a cikin birnin Zariya, kuma tun ranar da ta tare ba a taɓa yin la'asar ba a ɗora kasko a tsakar gidanmu ba. Labule, darduma, hulunana, har fasfo ɗina, babu abin da ƙamshin bai kama ba. Na taɓa buɗe jakata a wani masauki a Kwatano, matar da ke gyara ɗakin ta tsaya ta tambaye ni da Faransanci ko itacen me nake ɗauke da shi.

Yau in ka shigo zaurenmu, abin da za ka tarar shi ne bokiti da buta, da dunƙulen sabulun salo a ƙoƙo, da hijabai da dogayen riguna marasa ado rataye a ƙusa. Gidan ba ya ƙamshin komai. In an yi girki za ka ji daddawa, in an yi ruwa za ka ji ƙasa, shi ke nan.

Tafinta na yi duk tsawon ƙarfina. Na raka 'yan kasuwa da alhazai, na zauna a Hartum da Jidda, na yi zirga-zirga tsakanin Maraɗi da bakin teku, har na leƙa ƙasashen sanyi. Ko'ina na je na ga yadda mutane suke da ƙamshi. A Hartum mata suna zama a kan rami su lulluɓe, hayaƙin itace ya ratsa su. A Jidda in an gama cin abinci ana zagayawa da kasko, kowa ya tara gemu da riga. Wuri ɗaya ne kawai na ga akasin haka. A wani gari mai ƙanƙara na raka wani attajiri ganin likita, muka tarar da sanarwa a bakin ƙofa ana roƙon masu shiga kada su shafa turare, saboda akwai marasa lafiyar da yake cutarwa. Na fassara masa, muka yi dariya. Ya ce mutanen nan sun ƙoshi, har ƙamshi ya zama musu ciwo.

Ciwon Hajiya ya fara ne bayan na ajiye tafiye-tafiye. Ɗakinta yana jingine da wani sito na maƙwabcinmu, inda yake tara buhunan wake da masara. Wata rana da zafi, maƙwabcin ya sa aka yi wa siton feshi da irin maganin ƙwarin nan da ake sayarwa a kwalba ba takarda, wanda ake kira fiya-fiya, aka kulle ƙofa. Ginin biyu silinsu ɗaya ne. Hajiya tana kwance bayan azahar, taga a rufe saboda ƙuda. Ta farka tana amai, idanunta suna ruwa, ƙirjinta yana fito kamar usur. An kwantar da ita a asibiti, aka sallame ta, muka ɗauka an wuce wurin.

Ranar da ta dawo, 'yarmu ta ɗora kasko don a tarbe ta. Kafin hayaƙin ya kai bakin ƙofa Hajiya ta durƙushe.

Daga nan abin ya yi ta faɗaɗa. Turare, man shafawa, garin sabulun wanki, kananzir, maganin sauro, hayaƙin injin maƙwabta, ledar da ake ƙonawa a bola, sabon atamfa da ba a wanke ba. Wani ya sa mata tari, wani ciwon kai mai sa ta kasa buɗe ido, wani ya toshe numfashin gaba ɗaya. Ga kuma 'yan dubiya. Kowa ya san yadda mata suke zuwa dubiya a garin nan: a ci ado, a turara kaya, a shafa humra, don a nuna wa mara lafiya an girmama shi. Su cika ɗaki suna sannu, ita kuma tana amsawa tana murmushi, hannunta yana laluben gefen katifa. In sun tafi sai mu kwana muna fama. Duk wanda ya fi ƙaunarta shi ya fi zuwa, shi ya fi daɗewa, shi ya fi kusantarta.

Likitan ƙirji da muka gani bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hanyoyin numfashinta sun ƙone, yanzu ƙaramin abu yana harzuƙa su. Ya ce wasu abubuwan da take ji gwaji ba zai nuna su ba, amma wannan ba ya nufin ƙarya take yi. Ya ba ta abin shaƙa iri biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na lokacin da abin ya taso. Sa'annan ya ce babban maganin ba ya wurinsa, yana gida: a raba ta da duk abin da ke tayar mata. Na tambaye shi sunan ciwon. Ya faɗa mini da Turanci, suna mai tsawo. Na san yadda Larabawa suke kiran irinsa, na san na Faransawa. A hanyar gida na yi ta juya shi a kaina ina neman na Hausa, ban samu ba.

Wadda ta taimaka mana muka juya gidan ita ce maƙwabciyarmu ta bayan katanga, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, 'yar gidan Kiristocin Wusasa, wadda duk layin ke kira Sista. Ita ta ce a fitar da risho a sayi gas, a daina maganin sauro a ɗaura gidan sauro, a koma wanki da wanka da sabulun salo. Ita ta sa Hajiya cikin wani guruf na mata a waya masu irin wannan lalurar, daga Kaduna, daga Jos, har da wata daga Yamai, suna gaya wa juna wane takunkumi ne ya fi tare hayaƙi, da yadda ake tafasa sabon yadi kafin a ɗinka. Maƙwabcinmu ya kwashe buhunansa bai jira an roƙe shi ba. Mai unguwa ya hana ƙona shara a bakin layi. Kuma Sista ce ta ajiye bokitin nan a zaure, ta ce duk mai shigowa ya wanke hannu da fuska da wuya, ya ɗora rigar gida a kan kayansa ko ya canza.

Mutane sun yi gunaguni, amma yawancinsu sun bi. Saura mutum ɗaya, kuma ita ce ta fi kowa muhimmanci.

Yayar Hajiya ita ta raine ta. Mahaifiyarsu ta rasu Hajiya tana rarrafe, Yaya ta goye ta, ta yi mata kitso, ta aurar da ita. A wurina Yaya suruka ce. Ba na cin abinci a gabanta, ba na haɗa ido da ita, in za mu gaisa sai na rage tsawo. Kuma ita ce ke riƙe da sana'ar gidansu. Amare daga Hanwa, daga Sabon Gari, daga garuruwan kewaye, wurinta ake zuwa haɗa musu turaren ɗaki da na jiki. Ba shafa turare take yi ba, a cikinsa take kwana take tashi. Kafin ka ji sallamarta ka ji ta.

Lokacin da abin ya faru tana Kano wurin haihuwar jikarta. Da ta dawo ta zo kai tsaye. Ina zaure, Sista ma tana nan. Na durƙusa na gaishe ta. Sista ce ta yi ƙarfin hali.

"Yaya, sannu da hanya. Ga ruwa nan da sabulu, ga hijabi. Likita ya ce kowa ya wanke kafin ya shiga."

Yaya ta dubi bokitin, ta dubi ƙoƙon.

"Ni za a ba sabulu?"

"Ba ke kaɗai ba, Yaya. Malam ma in ya dawo daga masallaci sai ya wanke."

"Malam ya sha yawon duniya, wataƙila ya kwaso abin wankewa. Ni daga ɗakina nake. Yarinyar da na wanke wa kashi, yau ni ce ƙazantar da za ta kashe ta?"

Ta ɗaga labule ta shige. Muna jin ta tana cewa, "Auta, haka kika koma?" Sai tarin ya fara. Hajiya ba ta kai hannu ga abin shaƙarta ba sai da Yaya ta fito, don kada ta ga kamar korarta take yi.

Yaya ta tsaya a tsakar gida ta kira ni. Ta yi magana a hankali, ba faɗa.

"Malam, kai mai ilimi ne, ka je Makka ka je Madina. Ka taɓa ganin ɗan Adam yana gudun ƙamshi?"

Na ce na taɓa gani sau ɗaya, a wata ƙasa.

"A ƙasar da ba sa salla. Nan fa? Mala'iku ƙamshi suke so. Ka san masu gudunsa. An shiga jikin yarinyar nan ranar da ta kwanta ita kaɗai da rana tsaka. Su ne suke shaƙe ta in sun ji turare, don ba sa so a kore su. Ku kuma kun share musu gida, kun kashe musu kasko, kun sa musu mai gadi a zaure."

Na ce likita ya yi bayani.

"Ya ba ta maganin da zai raba ta da shi?"

"Ya ce babu."

"To ka gani. Na asibiti ya ƙare, saura na gida. Ko ka ba ni ita in tafi da ita birni in yi jinyarta, ko in zo nan in yi mata hayaƙi. Ka zaɓa."

Na san gidan nasu. Bangonsa ma ƙamshi yake. Na kuma san hayaƙin da take nufi: a zuba tazargade da hano da wasu saiwoyi a garwashi, a lulluɓe mutum da bargo tare da kaskon har ya yi gumi. Na roƙe ta ta ba ni lokaci. Na aika mata limamin layinmu, ya gaya mata addu'a ta isa, ba sai da hayaƙi ba. Ta saurare shi da ladabi, ta ba shi goro, ta ce Allah ya saka. Ba ta canza ba. Ni kuwa na rasa ta inda zan ɓullo. Na shiga tsakanin Balarabe da Bahaushe a kan kuɗi masu yawa na sasanta su, amma maganar Yaya ba ta da ƙofa. In Hajiya ta ji sauƙi, an lallaɓa mutanen ɓoye ne sun kwanta. In ta shaƙe, sun ji tsoro ne sun tashi. Ko ta ina aka bi, ita ce da gaskiya.

Na tambayi Hajiya me take so.

"Malam, na san abin da hayaƙin zai yi mini."

"To ki gaya mata."

"In ce wa Yaya a'a? Da wane bakin? Ban taɓa ba tun da nake." Sa'annan ta ce, "Tana kuka, ka sani? A waya. Gani take tana kallo ana cinye ni, an hana ta taɓa ni. In na ƙi, ba za ta ƙara tako gidan nan ba. Ba fushi ba ne, ba za ta iya kallo ba ne."

Wata Asabar da hantsi na je unguwar Kongo neman abin shaƙar na kullum, don namu ya kusa ƙarewa kuma shagunan kusa ba su da shi. Na dawo na sauka a bakin layi. Tun kafin in kai ƙofa na ji shi. Ba ƙamshin da na sani ba ne na la'asar. Wani abu ne mai ɗaci, mai kama maƙogwaro.

Na kira Sista a waya ina tafiya. Na ce ta zo yanzu.

A tsakar gida Yaya ta shimfiɗa tabarma. Hajiya tana zaune a kai, ta miƙe ƙafa, ta cire takunkuminta ta ajiye a gefe a ninke. Kaskon yana gabanta. Yaya tana durƙushe da bargo a kafaɗa, tana fifita garwashin da maficin kaba, tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Ba ta riga ta zuba maganin duka ba, ɗan kaɗan ta barbaɗa.

Na yi sallama. Yaya ta amsa ba ta juyo ba.

"Malam, wannan aikin mata ne. Ka koma zaure."

"Yaya, don Allah a dakata Sista ta zo."

"Me Sista za ta yi a nan? Ta iya ayatul kursiyyu?"

Na dubi Hajiya. Ta girgiza mini kai kaɗan, wato kada in yi. Kafaɗunta sun riga sun fara ɗagawa da kowane numfashi. Taku kaɗan ne tsakanina da kaskon. Da na Hartum ne ko na Jidda da na ɗauke shi na ba da haƙuri daga baya. Amma wannan kaskon surukata ce ta hura shi, a gaban ƙanwarta, kuma ƙanwar ta ce in tsaya. Na san in na fizge shi, Hajiya za ta yi numfashi yau ta rasa Yaya har abada, kuma Yaya za ta tafi da tabbacin cewa ni na hana a ceci 'yar'uwarta. Na tsaya ina kallon ƙofa ina jiran takun Sista.

Yaya ta zuba sauran maganin. Hayaƙi ya turnuƙe, fari, mai kauri. Ta yafa bargon a kan Hajiya, ta bar kaskon a bakinsa, ita ma ta cusa kanta da hannu ɗaya ciki ta riƙe ta.

Tarin ya fara. Daga nan usur ɗin.

"Ka ji su ko, Malam?" in ji Yaya daga cikin bargon. "Sun taso. Ku fita, ba gidanku ba ne. Ku faɗi abin da kuke so ku fita."

Ta yi wa mutane da yawa irin wannan. Ta san abin da ke biyo baya: mara lafiya ya yi ihu, ko ya yi magana da wata murya, ko ya yi atishawa ya sulale ya yi barci. Shi take jira. Na ce, "Yaya, ya isa." Ban san ko ta ji ni ba. Na taka zuwa bakin tabarmar, na kama gefen bargon.

Sai usur ɗin ya ɗauke.

Wanda bai zauna da mai irin wannan ciwon ba zai ɗauka sauƙi ne ya zo. Likita ya riga ya gargaɗe ni cewa in ƙarar ta tsaya alhali mutum yana ta kokawa, hanyar ce ta kusa rufewa. Kafin in ja bargon, Yaya ta yaye shi da kanta. Ta tallafo fuskar Hajiya da hannu biyu ta juyo da ita wajen haske. Leɓunan sun yi duhu. Idanun a buɗe suke, suna kan Yaya, kuma babu wani baƙo a cikinsu. Bakin yana motsi, murya ba ta fita, amma ko ni na gane abin da take cewa. Yaya take kira.

"Ba su ba ne," in ji Yaya. "Malam, ba kowa a nan. Auta ce."

Ba ta zuba ruwa a garwashin ba, ta san ruwa ƙara hayaƙi yake yi. Ta fizge farantin da ta zo da maganin a ciki ta kife a kan kaskon, ta sa tafukanta biyu ta ɗauke shi yadda yake, ta bi ta zaure da shi har tsakiyar titi. A ƙofa suka yi karo da Sista.

Sista ta wuce tsakar gida kai tsaye. Ta zaunar da Hajiya ta karkato da ita gaba, ta sa mata abin shaƙar gaggawa ta cikin gorar da aka yi don haka, tana dannawa tana ƙirga mata numfashi da murya mai sanyi. Ta ce in tsayar da adaidaita. Muka ciccibe ta muka sa a ciki. Yaya ta taho za ta hau, mayafinta yana jan ƙasa, hannayenta a buɗe a gabanta kamar mai addu'a, tafukan sun yi fari sun fara tashi.

Sista ta tare ta da hannu.

"Yaya, kayanki."

Yaya ta dubi kayan jikinta. Ta ja baya. Da muka karya kwana na waiwaya, tana nan tsaye kusa da kaskon da ke rufe a titi, mutanen layi sun fara fitowa.

Hanyar asibiti ba ta da nisa, amma ranar kasuwa ta cika titi. Muka maƙale a bayan wata tsohuwar tifa mai fitar da baƙin hayaƙi. Sista ta cire ɗankwalinta ta jiƙa da ruwan leda ta tare gefen da hayaƙin ke shigowa. Direban ya dube mu ta madubi, ya hau gefen titi, ya bi ta gaban masu kayan miya suna zaginsa yana ba su haƙuri. Kan Hajiya yana kafaɗata. Ina jin ƙirjinta yana ja kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, wani jan ya zo, wani sai na jira.

An sa mata oksijin, aka yi mata allura, aka ɗora mata na'urar tururi. Sai bayan la'asar usur ɗin ya dawo, kuma ban taɓa jin daɗin wata ƙara kamar wannan ba. Likitan ya tambayi abin da ya faru. Hajiya ta zare abin da ke hancinta ta ce, "Hayaƙi ne ya shigo gida." Bai ƙara tambaya ba.

Yaya ta zo asibitin washegari, da duk ranakun da suka biyo. Ba ta shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. Tana zama a gindin wata darbejiya da ke fuskantar tagar, hannayenta naɗe da bandejin da Sista ta ɗaura mata. Takan zo da kunun gyaɗa a fulas. Fulas ɗin ma ƙamshi yake, sai na juye kunun a kofi a waje kafin in shiga da shi. Ta ga ina yi. Rana ta gaba ta zo da sabon fulas da ledarsa.

Bayan an sallame mu ta ɗauke ƙafa. Hajiya takan dubi wayarta ta ajiye. Matan guruf ɗin suna ta ba ta baki, wata ta ce ita mahaifiyarta ta shekara ba ta yi mata magana ba. Wannan bai kwantar mata da hankali ba. Numfashin yana dawowa, amma ba ta cin abinci.

Wata safiya ina zaure na ji sallama. Ban ji ƙamshi kafin sallamar ba, shi ya sa ban gane mai yin ta ba sai da na ɗaga kai. Yaya ce, cikin wani yadi mara fure da ban taɓa ganin irinsa a jikinta ba. Na durƙusa. Ta amsa gaisuwar a taƙaice.

"Ina sabulun naku?"

Na nuna mata ƙoƙon na fita waje na ba ta wuri.

Wankan bai isa ba. Tana zama a bakin gado Hajiya ta fara tari. Ƙamshin shekara da shekaru yana cikin gashinta, yana cikin fatarta, yana fita da zufa. Yaya ta tashi da kanta ta koma ƙarshen tsakar gida, ta yayyafa ƙasa sama ta ga inda iska ke kaɗawa, ta zauna ta inda za ta ɗauke ƙamshin ta yi waje da shi. Hajiya ta fito bakin ƙofa da takunkumi. Haka suka yi hira, suna ɗaga murya kamar masu magana ta kan katanga.

"Kin rame, Auta."

"Ke ma, Yaya. Hannun fa?"

"Hannu ya ga abin da ya fi wannan. Wa yake yi miki kitso? Dubi kanki kamar sheƙar ɓera."

"Babu mai yi. Duk masu kitson man kanti suke shafawa."

Yaya ta daɗe tana kallon kan.

Abin da ta yi bayan haka ba ta shawarci kowa ba. Ta tara 'ya'yanta mata da matan 'ya'yanta, ta raba musu kwalabe da tukwane da itatuwan, ta ce daga yau amare su nemi su. Ta bar ɗakinta na birni da duk kayan da ke cikinsa, ta zo ta ce in buɗe mata ɗakin baƙi na kusa da zaure. Kullum sai ta yi wanka da salo, ta wanke kai, ta shanya jiki a rana. Kullum takan matso da tabarmarta kaɗan, ta zauna ta saurari ƙirjin Hajiya. In ta ji alamar usur ta ja baya. Ta ɗauki makonni tana ƙetare tsakar gidan da bai fi ɗaki biyu faɗi ba.

Ranar da ta iso, ina dawowa daga azahar na tarar Hajiya zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyin Yaya, ba takunkumi, ga man kaɗanya a murfin kwano. Tafukan Yaya sun warke da tabo, yatsun ba sa lanƙwasa sosai, kitson yana tafiya a hankali kuma layin ba ya miƙewa.

"Ki daina motsi."

"Kina ja ne, Yaya."

"Da can ma haka kike, raki."

Na koma zaure na zauna.

Yanzu Yaya ce mai tsaron bokitin. Matan da suka yi wa Sista gardama ba sa yi mata. Na ji ta tana ce wa wata hajiya da ta zo cikin leshi tana ƙamshi tun daga titi, "Ni da na haɗa miki turaren aurenki na yi wanka a nan. Ke wace ce? Ga sabulu." In aka kawo mata labarin wata mai shaƙewa a birni, takan ce a fara kai ta wurin likitan ƙirji, kuma kada a kusantar da ita da garwashi.

Hajiya ba ta warke ba. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ba ta ƙara shiga gidan da aka haife ta ba. Ba a ƙara ɗora kasko a gidanmu ba, kuma Yaya ba ta ƙara shafa turare ba har yau.